Gwajin Burauza Mai Sarrafa Kansa da Buƙatun Mai Cike Fom a Karkara: Nazari Daga Diggi, Ƙaramar Hukumar Kalgo

Tsakure

Wannan takarda ta duba yadda ake kafa gwajin burauza mai sarrafa kansa a aikin gina manhajar intanet, da yadda ake tafiyar da shi. An yi nazarin ne ta fuskar mutumin da zai cike fom daga gari irin Diggi a Ƙaramar Hukumar Kalgo ta Jihar Kebbi. Matsayar takardar ita ce kayan gwajin da ake da su a yau suna da inganci, amma saitin da suke zuwa da shi ya ginu ne a kan babban allo, da sabis mai ƙarfi, da suna mai haruffan Turanci zalla, da agogon da ba namu ba. Duk wanda ya bar su a haka zai ga gwajinsa ya yi nasara alhali shafin yana korar mutanen da aka gina shi dominsu. Takardar ta kawo misalai biyu daga hukumomin Nijeriya, sannan ta bi matakan gyara saitin ɗaya bayan ɗaya.

1.0 Gabatarwa

Diggi ɗaya ce daga cikin mazaɓun Ƙaramar Hukumar Kalgo, a masarautar Gwandu. A wannan ƙaramar hukuma ne mazaunin dindindin na Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi yake, wadda aka kafa a 2013. Yaron Diggi da ke son shiga wannan jami'a ta ƙofar gidansu ba zai shiga ba sai ya bi ta shafukan intanet iri-iri. Zai yi rajistar JAMB, wadda ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta tun 2015. Zai ciro lambar biyan kuɗi ta Remita. In yana neman rancen karatu, zai shiga shafin NELFUND da aka buɗe a watan Mayun 2024. Mahaifinsa ma bai tsira ba, domin da yawa daga rajistar tallafin noma da ta banki sun koma fom na intanet. Ke nan shafin intanet ya zama ƙofar hukuma, kuma idan ƙofar ta ƙi buɗuwa babu magatakardan da za a roƙa ya ɗaga ƙafa.

Gwajin burauza mai sarrafa kansa wani ɗan tsarin umarni ne da mai gina manhaja yake rubutawa, wanda zai buɗe burauza da kansa, ya shiga shafi, ya cike gurabe, ya danna maɓalli, sannan ya duba ko abin da ya fito shi ne abin da ake tsammani. Idan ya dace sai a ga kore, idan ya saɓa sai a ga ja. Amfaninsa shi ne maimaitawa. Mutum zai gaji da cike fom guda sau hamsin, inji kuwa zai cike shi duk lokacin da aka taɓa manhajar, ko da tsakar dare ne. Tambayar da wannan takarda take yi ita ce: wane mutum ne injin yake kwaikwaya idan yana cike fom ɗin?

2.0 Kayan aikin da asalinsu

Tarihin abin ba shi da tsawo. Jason Huggins ya ƙirƙiro Selenium a 2004 lokacin yana aiki a kamfanin ThoughtWorks a Shikago ta Amurka. Daga baya aka haɗe shi da WebDriver na Simon Stewart, aka fitar da Selenium 2 a 2011, kuma a 2018 hukumar W3C mai tsara ƙa'idojin shafukan intanet ta amince da WebDriver a matsayin ma'auni na bai ɗaya. A 2017 Google ya ba Chrome damar aiki ba tare da nuna taga a allo ba, ya kuma fitar da Puppeteer don sarrafa shi. Wani kayan gwajin mai suna Cypress ya bazu a daidai wannan lokaci. Microsoft ya fitar da Playwright a 2020, wanda ke tuƙa injinan burauza uku: Chromium, da Firefox, da WebKit wanda Safari ke amfani da shi.

Misalan wannan takarda sun fi karkata ga Playwright, saboda saita girman allo, da yankin agogo, da yanke sabis duk suna cikinsa ba tare da ƙarin kaya ba. Wanda aikinsa ya riga ya kafu a kan Selenium ba ya buƙatar ƙaura, kusan duk abin da za a faɗa a nan yana da hanyarsa a can.

3.0 Misalai biyu na gida

Ranar 25 ga Fabrairun 2023 sakamakon zaɓen majalisar tarayya ya riƙa hawa shafin IReV na hukumar INEC, na shugaban ƙasa kuwa ya ƙi hawa har dare. A rahoton da hukumar ta fitar a 2024, ta bayyana cewa sabar tana mayar da kuskure mai lamba 500 ne, domin an tsara manhajar ta ajiye kowane sakamako a ƙarƙashin jiha, shi kuwa zaɓen shugaban ƙasa mazaɓarsa ƙasa ce baki ɗaya, ba shi ƙarƙashin kowace jiha. Zaɓukan gwamna da aka yi amfani da shafin a baya, irin na Ekiti da Osun a 2022, duk na jiha ne, don haka ba su bi ta wannan hanya ba. Muhawarar siyasar da ta biyo baya ba ta cikin hurumin wannan takarda. Abin da ya shafe mu shi ne, bisa bayanin hukumar kanta, hanyar da ta fi kowace muhimmanci a ranar ita ce ta karye, kuma irin karyewar da gwaji daga farko zuwa ƙarshe yake kamawa ce.

Misali na biyu na JAMB ne. Ranar 14 ga Mayun 2025 magatakardan hukumar na lokacin, Farfesa Ishaq Oloyede, ya amsa a bainar jama'a cewa kuskuren na'ura ya shafi sakamakon ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da jihohin kudu maso gabas. Bayanin da aka bayar shi ne an yi wa manhajar gyara, amma gyaran bai isa wasu sabobin ba. Nan darasin daban ne. Manhaja tana iya zama daidai a wurin gwaji, ta kasance ba ita ce ke aiki a fili ba. Saboda haka ake buƙatar ɗan taƙaitaccen gwaji da za a gudanar a kan kowace sabar bayan an ɗora sabon gyara, ba kafin ɗorawa kaɗai ba.

Duka biyun ba a cikin burauza kai tsaye suka faru ba, ya kamata a faɗi haka. An kawo su ne domin su nuna cewa manyan hukumomi masu kuɗi da ma'aikata ma suna faɗawa ramin hanyar da ba a gwada ba, balle ƙaramin ofis mai mutum biyu a Birnin Kebbi da aka ba kwangilar shafin makaranta ko na ƙungiyar manoma.

4.0 Kafa gwaji a kan wayar da mutane ke riƙe da ita

Shigar da Playwright abu ne na umarni ɗaya, kuma yana zuwa da fayil na saiti. Aikin gaske a cikin wannan fayil yake. Idan ba a taɓa shi ba, burauzar gwaji tana buɗewa da allo mai faɗin fiksel 1280 da tsayi 720, wato allon kwamfuta. A kasuwannin Kebbi kuwa wayoyin Tecno da Infinix da itel ne suka cika hannun jama'a, kuma faɗin shafi a yawancin irin waɗannan wayoyi bai wuce fiksel 360 ko ɗoriya kaɗan ba. A wannan faɗin ne maɓallin turawa yake ɓuya a ƙarƙashin wani abu, ko tebur ya fita gefe, ko saƙon kuskure ya fito a saman shafi inda mai cikewa ba ya gani. Wanda ya gwada a babban allo kaɗai kamar tela ne da ya ɗinka riga da awon maƙwabcin mai rigar. Don haka matakin farko shi ne a mayar da ƙaramin allo ya zama shi ne babban saitin gwaji, na kwamfuta ya biyo baya.

Mataki na biyu sabis ne. Burauzar Chromium tana ba da damar rage gudun intanet da gangan, a saukar da shi zuwa kusan kilobit 400 a daƙiƙa tare da jinkiri mai tsawo, kuma a rage ƙarfin ƙwaƙwalwar na'urar ninki huɗu don ta yi kama da waya mai araha. Playwright yana iya yanke sabis ɗin ɗungurungum a tsakiyar gwaji, ya dawo da shi. Da waɗannan ake rubuta gwaje-gwaje uku da a ganina babu shafin rajista a yankinmu da ya kamata ya fita ba tare da su ba.

Na farko shi ne danna maɓalli sau biyu. Mutumin da ya danna bai ga komai ya motsa ba zai sake dannawa, wannan ɗabi'a ce ta kowa. Gwajin zai danna sau biyu a kan sabis mai rauni, ya duba cewa rajista ɗaya aka shigar, kuma sau ɗaya aka nemi kuɗi. Na biyu shi ne yankewar sabis a tsakiyar turawa: shin shafin yana faɗa wa mutum a fili cewa ba a tura ba, kuma abin da ya rubuta yana nan? Na uku ya shafi lambar sirrin da ake turowa ta saƙon waya. Mai cikewa yana fita daga burauza ya je ya karanto lambar, kuma a waya mai ƙaramar ma'ajiya tsarin Android yakan rufe burauzar a bayansa don ya samar da wuri. In ya dawo shafin ya sake buɗewa daga farko, gurabe ashirin da ya cike sun tafi. Gwada wannan ba shi da wuya: a cike rabin fom, a umarci shafin ya sake buɗewa, a duba ko bayanan sun tsaya.

Akwai kuma shagon kafe. Mutane da yawa ba da kansu suke cike fom ba, suna kai takardunsu ne wurin mai kafe a Kalgo ko Birnin Kebbi, shi kuwa yana yi wa mutane da dama a kwamfuta ɗaya, a burauza ɗaya, ɗaya bayan ɗaya. Kayan gwaji suna buɗe sabuwar burauza mai tsafta ga kowane gwaji, kuma wannan kyakkyawar ƙa'ida ce, amma tana ɓoye matsalar kafe gaba ɗaya. Sai an rubuta gwaji na musamman da zai shigar da mutum na farko, ya fitar da shi, ya shigar da na biyu a wannan tagar, sannan ya danna maɓallin komawa baya ya ga ko hoton na farko da lambarsa ta NIN suna nan. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta sa wannan ya wuce batun kyautatawa, ya zama haƙƙi.

5.0 Sunaye, wurare da kwanan wata

Nan ne takardar za ta fi daɗewa, domin nan ne kayan gwajin da aka gina a waje ba su da abin da za su koya mana. Bayanan da ake cike fom da su a gwaji mu ne za mu kawo su.

A fara da suna. Masu gina manhaja da yawa suna kwafo ƙa'idar da ke cewa gurbin suna ya karɓi haruffan Turanci 26 kawai. Wannan ƙa'ida tana korar Sa'adu, da Mu'azu, da Isma'ila, da Asma'u, da Rabi'atu saboda alamar hamza da ke tsakiyar sunansu. Sunan marigayi shugaban ƙasa Umaru Musa 'Yar'adua yana da alamar har sau biyu, ɗaya a farkon kalma, shi ya sa ya dace da gwaji ƙwarai. Abin ya ƙara rikicewa domin alamar ba ɗaya ba ce a wurin kwamfuta. Akwai miƙaƙƙiya wadda ke kan madannin kwamfuta, akwai lanƙwasasshiya wadda wayar iPhone ke sakawa da kanta tun 2017, kuma Microsoft Word ma haka yake yi. A ido kusan ɗaya suke, a ma'ajiyar bayanai kuwa haruffa ne mabambanta. Ɗalibin da ya yi rajista da ɗaya, aka neme shi da ɗayar, sai a ce babu shi.

Sai haruffa masu ƙugiya: ɓ, da ɗ, da ƙ, da kuma ƴ da 'yan'uwanmu na Nijar ke rubutawa. Dukansu suna cikin tsarin Unicode, amma hanyar da suna ke bi daga fom zuwa takardar da aka buga tana da mashiga da yawa. Idan an saita ma'ajiyar bayanai a tsohon tsarin haruffan Yammacin Turai, Ɗahiru zai dawo da alamar tambaya a farkon sunansa. Idan ma'ajiyar ta karɓa amma nau'in rubutun da ake buga takardar shaida da shi ba shi da harafin, sai a ga ɗan akwati a madadinsa. Saboda haka gwajin suna ba ya ƙarewa a ganin saƙon an yi nasara. Dole ya bi sunan har shafin da ake nuna shi, da takardar da ake saukewa.

Wani abu da ya cancanci kulawar masu bincike shi ne neman suna. A harsuna irin Faransanci akwai sananniyar dabara ta cire alamomin saman harafi don bincike ya yi sauƙi, domin Unicode yana iya raba harafin da alamarsa. Haruffanmu masu ƙugiya ba sa rabuwa haka, kowane ɗayansu harafi ne guda mai zaman kansa. Wanda ya kwafo dabarar zai ɗauka ya gama, alhali neman Danjuma ba zai kawo Ɗanjuma ba. Sai an rubuta daidaitawar da hannu, an kuma kafa gwajin da zai tsare ta. Tunda takardun hukuma a Nijeriya galibi ba sa rubuta ƙugiyar, mutum ɗaya yana iya kasancewa da rubutu biyu, kuma ya kamata manhaja ta gane shi ta kowanne.

Wurare ma suna da nasu tarkon. Jihar Kebbi tana da ƙananan hukumomi 21, kuma biyu daga ciki, Koko/Besse da Danko/Wasagu, suna da karkatacciyar sanda a sunansu. Wannan alama ita ce ke raba sassan adireshin shafin intanet, don haka manhajar da ke saka sunan ƙaramar hukuma a cikin adireshi tana iya aiki ga sha tara ta karye a biyu. Haka mutane ke taƙaita Birnin Kebbi da B/Kebbi a gurbin adireshi, wani lokaci har a gurbin suna, tunda a ƙasar nan sunan gari yakan zama sunan ƙarshe na mutum. Aliero kuwa ana samun sa da rubutu biyu a takardu, Aliero da Aleiro. A faɗin ƙasa akwai ƙananan hukumomi masu suna ɗaya a jihohi daban: Nasarawa a Kano da Jihar Nasarawa, Obi a Binuwai da Nasarawa, Bassa a Kogi da Filato. Jerin zaɓin da ya dogara da suna maimakon lamba zai cakuɗa su. Gwajin da ya dace shi ne wanda zai bi jerin gaba ɗaya, ya zaɓi kowace ƙaramar hukuma, ya tabbatar mazaɓunta sun fito. Ga mutum wannan aikin yini ne, ga inji na 'yan mintoci. Kuma a nan ne za a gane ko Diggi tana cikin jerin mazaɓun Kalgo ko an manta da ita, domin mutumin da bai ga garinsu ba zai zaɓi wani ne kawai, ƙididdigar da za a raba taki ko kujerun makaranta da ita ta fita a karkace.

Lambar waya tana da lamba 11 da ke farawa da sifili, wasu kuma suna rubuta ta da 234 a gaba, wasu da tazara a tsakani. Ya kamata gwaji ya shigar da duka ukun. Idan shafin yana fitar da bayanai zuwa Excel, a duba fayil ɗin, domin Excel yana yar da sifilin farko idan ya ɗauki lambar a matsayin adadi.

Batun kwanan wata ya fi duka ɓoyewa. Agogon Nijeriya yana gaban agogon duniya na UTC da awa ɗaya. Idan mai cikewa ya zaɓi 1 ga Janairun 2008 a matsayin ranar haihuwa, manhaja takan ɗauke ta a matsayin ƙarfe 12 na daren wannan rana a agogon wayarsa. In aka juya ta zuwa UTC kafin turawa, sai ta koma ƙarfe 11 na daren 31 ga Disambar 2007. Rana ta canza, shekara ma ta canza, bayanin ya saɓa da na NIN, kuma mun san mutane nawa ne a ƙauyukanmu takardunsu ke ɗauke da 1 ga Janairu. Abin da ya sa wannan kuskure ke tsira shi ne na'urorin da ake haya don gudanar da gwaji galibi a kan UTC aka saita su, a can kuwa babu awa ɗayar da za ta ja ranar baya. Gwajin zai nuna kore kullum. Maganin layi ɗaya ne a fayil na saiti, inda za a ɗora burauzar gwaji a kan yankin agogon Legas. Da wannan saitin, da damar tsayar da agogo da Playwright ya ƙara a 2024, ana iya gwada ranar rufe rajista ma, a ga ko shafin yana rufewa ƙarfe 12 na darenmu ne ko ƙarfe ɗaya.

Duk waɗannan sunaye da lambobi na ƙirƙira za a yi amfani da su. Kwafo bayanan ɗalibai na gaske zuwa wurin gwaji ɗabi'a ce da ta yaɗu saboda sauƙi, kuma ya kamata a daina ta.

6.0 Gwajin da ba ya tsayawa a magana ɗaya

Babban abin da ke kashe gwajin burauza a ofisoshi shi ne rashin tabbas, wato gwaji ya nuna kore yanzu ya nuna ja an jima ba tare da an taɓa komai ba. Matsalar ba ta ƙananan ofisoshi kaɗai ba ce. Google ya bayyana a 2016 cewa kusan kashi 16 cikin ɗari na gwaje-gwajensa suna nuna wannan hali a wani mataki. Wani nazari da Qingzhou Luo da abokan aikinsa suka gabatar a 2014 daga Jami'ar Illinois ya bi diddigin gyare-gyaren irin wannan gwaji a manhajojin Apache, ya gano cewa mafi yawan sanadi, kusan kashi 45 cikin ɗari, shi ne rashin jiran abu ya kammala yadda ya kamata.

Wannan ya shafe mu kai tsaye, tunda shawarar takardar nan ita ce a rage gudun sabis da gangan. Wanda ya rubuta wa gwajinsa ya jira daƙiƙa uku sannan ya danna, ya gina shi a kan zato. Hanyar da ta dace ita ce a ce ya jira har maɓallin ya bayyana, ko har saƙon ya fito. Playwright yana yin wannan jira da kansa, yana ba kowace dubawa daƙiƙa 5, kowane gwaji daƙiƙa 30, kuma ana iya ƙara su ga gwajin sabis mai rauni. Amma a yi hattara da ƙari. Idan shafi yana buƙatar minti biyu kafin ya buɗe a irin sabis ɗin ƙauye, laifin na shafin ne, nauyinsa za a rage. Haka umartar gwaji ya sake gwadawa har sai ya ci yana rufe bakin ƙararrawa ne kawai. Wani lokaci gwajin da ke faɗuwa sau ɗaya cikin goma yana nuna ainihin abin da ke faruwa da mutum ɗaya cikin goma.

Wani sanadin kuma shi ne dogaro da wasu. Shafin da ke karɓar kuɗi yana magana da Remita ko Paystack, kuma dukansu suna da wurin gwaji da ba a taɓa kuɗin gaske. Duk da haka ya fi kyau yawancin gwaje-gwaje su yi amfani da amsar kwaikwayo da aka shirya a gida, a bar ɗaya ko biyu su riƙa taɓa wurin gwajin kamfanin. Amsar kwaikwayo tana da wata fa'ida: ana iya sa ta ƙi amsawa, ko ta amsa a makare, ko ta ce an cire kuɗi bayan shafin ya riga ya haƙura. Ranar 14 ga Maris 2024, da igiyoyin intanet na ƙarƙashin teku suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, ayyukan bankuna da dama a Nijeriya sun tsaya cak. Ba a iya jiran irin wannan rana don a ga halin da shafi zai shiga, sai dai a ƙirƙire ta a cikin gwaji.

7.0 Inda gwajin zai gudana

Gwajin da ke zaune a kwamfutar mutum ɗaya yana gudana ne ranar da ya tuna, kuma ranar da akwai wuta. A jihar da ke jiran lantarki daga kamfanin rarrabawa na Kaduna, wannan sharaɗi ba ƙarami ba ne. Mafita ita ce a ɗora gwajin a kan tsarin da ke gudanar da shi da kansa duk lokacin da aka tura sabon gyara. GitHub Actions yana yin haka kyauta ga ayyukan da ke buɗe ga kowa, yana kuma ba da minti 2,000 a wata ga ayyukan sirri a matakin kyauta. Ga ƙaramin aiki wannan ya wadatar, matuƙar ba a cika gwajin burauza fiye da kima ba. Shawarar da Mike Cohn ya yaɗa a 2009 tana nan da amfaninta: ƙananan gwaje-gwaje masu sauri su fi yawa, na burauza su zama kaɗan a sama. Ƙa'idar karɓar suna, alal misali, ana iya gwada ta da sunaye ɗari a ƙaramin gwaji cikin ƙiftawar ido, a bar wa burauza biyu ko uku da za ta bi har takardar bugawa.

Kuɗin data ma abin lissafi ne, musamman bayan ƙarin kashi 50 cikin ɗari da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa a Janairun 2025. Sauke burauzoji ukun Playwright yana cin ɗaruruwan megabait, kuma sabon fitowa yakan nemi a sake saukewa. A ɗakin kwamfuta na makaranta ana iya sauke su sau ɗaya a ajiye a wuri guda da duk ɗalibai za su nuna wa manhajar. Mai aiki shi kaɗai kuwa ya sauke Chromium kawai a kwamfutarsa, ya bar sauran biyun ga na'urar haya.

8.0 Abin da inji ba zai gani ba

Kwaikwayon waya a kan kwamfuta yana canza girman allo da gudun sabis, amma injin burauzar na kwamfuta ne. Ba ya nuna yadda madannin waya ke tasowa ya rufe rabin fom, ba ya nuna allon da ya tsage ko hasken rana a kansa. Playwright yana iya tuƙa Chrome a kan wayar Android ta gaske da aka haɗa da kebul, wani kayan gwajin mai suna Appium ma haka, kuma waya ɗaya mai araha a ofis ta isa wannan aiki.

Opera Mini ita ce babban giɓi. Mutane suna son ta saboda tana rage cin data, kuma a matakinta na tsananin tsimi sabobin kamfanin ne ke buɗe shafin su matse shi kafin ya iso waya, don haka yawancin motsin da shafukan zamani suka dogara da shi ba ya aiki yadda aka tsara. Playwright ba ya tuƙa ta. Abin da ya fi kusa shi ne a gudanar da gwaji ɗaya da aka kashe JavaScript a cikinsa, a ga ko fom ɗin yana turuwa, in kuma ba ya turuwa, ko yana faɗa wa mutum ya canza burauza maimakon ya bar shi da farin shafi.

Sauran na mutane ne. Inji zai tabbatar saƙon kuskure ya fito, ba zai iya sanin ko dattijon da ke neman tallafin taki ya fahimce shi ba, ko ma da wane harshe ya kamata a rubuta shi. Masu shagon kafe na Kalgo da Birnin Kebbi sun fi kowa sanin inda shafuka ke tuntuɓe, domin su ke fama da su daga safe har dare, kuma kusan ba a taɓa tambayar su. Ya kamata duk ofishin da zai fitar da shafin rajista ya zauna da biyu ko uku daga cikinsu kafin fitarwa, ya rubuta duk abin da suka nuna, ya mayar da kowanne gwajin da inji zai riƙa maimaitawa.

Shirin 3MTT na gwamnatin tarayya, wanda aka ƙaddamar a 2023, ya sanya tabbatar da ingancin manhaja cikin fannonin da yake koyarwa, kuma sassan kimiyyar kwamfuta na Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, da Kwalejin Fasaha ta Waziri Umaru, da jami'ar jiha da ke Aliero suna yaye ɗalibai duk shekara. Aikin da takardar nan ke ba su shawara ƙarami ne, ajin ɗalibai ɗaya zai iya kammala shi a zango guda: a tattara fayil ɗaya, buɗaɗɗe ga kowa, mai ɗauke da ƙirƙirarrun sunayen Hausa da na Fulfulde da na Zabarmanci da na Dakarci a dukan rubuce-rubucensu, da ƙananan hukumomin Kebbi 21 da mazaɓunsu, da siffofin lambar waya, da kwanakin da ke karya manhaja, tare da fayil na saitin burauza da aka riga aka ɗora a kan ƙaramin allo, sabis mai rauni da agogon Nijeriya.